Kano, Yamai ko Turai: ina mai ƙaramar sana'a a Damagaram zai kai kayansa?

Wani baduku da ke zaune a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, abokin mahaifina ne, kawu nake ce masa, ya aiko jikansa ya kira ni bayan la'asar. Na tarar da shi a zaure, jajayen fatu shimfiɗe a gabansa, yaransa biyu suna ɗinki. Ya miƙo mini waya ya ce, "Ɗana, kai ka yi lakkwal, karanta mini wannan." Saƙo ne daga wata mata mai shago a Faransa, wadda ta ga hotunan jakunkunansa a hannun wani ɗan garin nan da ke zaune can. Jaka ɗari biyu take so, kuma kuɗin da ta sa wa kowace ɗaya ya fi ninkin abin da mutumin Kano ke ba shi. Amma a ƙasan saƙon ta jera abin da za a haɗo mata: takardar gwajin fata, bayanin irin rinin da aka yi amfani da shi, shaidar asalin kaya, da hotunan wurin da ake jima. Da na gama karantawa kawu ya yi shiru, can ya ce, "To ita jaka take so ko takarda?"

Na daɗe ina taimaka wa ƙungiyoyin masu sana'ar hannu da na mata masu man gyaɗa wajen lissafi da cike takardu, kuma tambayar nan ta kawu ba ta ƙarewa. Hanyoyi uku ne a gaban mai ƙaramar sana'a a nan: ya gangara Kano, ya nufi Yamai da sauran ƙasashen sefa, ko ya ɗaga kai ya dubi Turai. Mutane kan auna su da farashi kawai. Ni da abu uku nake auna su: kwana nawa kuɗinka zai yi kafin ya dawo, wa zai biya kuɗin takarda, kuma in abu ya lalace wa zai ɗauki asara.

Kano ita ce hanyar da kowa ya sani. Kimanin kilomita 240 ne, ko ta Matamai a fita Ɗan Barto a bi ta Daura, ko ta Magariya a faɗa Babban Mutum. Mai fata yana da mutuminsa a Kurmi, mai riɗi da wake yana da nasa a Dawanau, mai dabba ya san Maigatari ranar Alhamis. Ba wanda zai tambaye ka da me ka jeme fatarka. Zai shafa ta, ya lanƙwasa, ya shinshina, ya yi tayi, ka ce albarka, ya ƙara, ciniki ya faɗa. Cikin mako kuɗi ya dawo, an sayi wata fatar. Ga wanda jarinsa bai wuce na kaya ɗaya ba, wannan saurin juyawa shi ne numfashinsa, kuma duk wanda ya ce masa ya bar Kano don ya jira Bature bai san yadda ake cefane ba.

Sai dai Kano tana da haƙora. Na farko naira ce. A tsakiyar 2023, kafin gwamnatin Najeriya ta saki farashinta, dala ɗaya wajen naira 460 take a hukumance. Kafin ƙarshen watan Fabarairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba da kaya bashi a naira ya zo karɓa bayan wata biyu, ya tsaya gaban ɗan canji, shi ya san abin da ya gani. Faɗuwar naira tana yi wa mai sayo kaya daga Najeriya daɗi, mai kai kaya can kuwa ita ke cinye masa riba. Na biyu iyaka ce. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kaya ba su daina wucewa ba, kowa ya sani, amma ta barauniyar hanya, kuma kowane shinge da nasa rabon. Tun 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kayanmu a kan tsarin sassaucin haraji na da, kafin a sake zama. Alfarma ce wannan, ana iya janye ta.

Akwai na uku wanda ya fi ci mini rai: kayanka suna rasa sunanka. Jakar da aka ɗinka a Birni, da ta kwana biyu a Kurmi ta zama "aikin Kano". Man gyaɗar matan Matamai da Kance a jarka yake tafiya, a juye shi a wata jarkar. Ranar da kuka ce za ku zuba shi a kwalba, ku manna sunan ƙungiyarku, ya hau kanta a babban shago a Kano, ranar za ku ji sunan NAFDAC, hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, domin abincin da aka ƙulle a mazubi ba ya hawa kanta a Najeriya sai da lambarta, kuma wanda yake ƙasar waje sai ya sami wakili ɗan Najeriya da zai yi masa rajistar. Wato Kano ba ta neman takarda muddin ka yarda ka zauna ƙarami.

Hanya ta biyu mutanenmu suna raina ta saboda nisa. Yamai kusan kilomita 900 ce, yini guda cur a mota. Amma kuɗin ɗaya ne, ba ɗan canji a tsakani, kuma mai saye zai turo maka ta Nita ko Amana ka karɓa a nan cikin gari. Nijar tana nan cikin UEMOA, ƙasashe takwas masu sefa ɗaya, kuma a dokar ƙungiyar amfanin gona da na dabbobi da kayan da aka yi da hannu suna shiga ƙasashen juna ba harajin duwan, ba a ma neman musu takardar asali. Kayan masana'anta ne ke buƙatar a amince da su tukuna. Baduku da masaƙi da maƙerin azurfa suna cikin masu wannan gata, da yawansu ba su sani ba. Akwai baje kolin SAFEM na mata masu sana'ar hannu a Yamai, akwai SIAO a Wagadugu duk shekara biyu, inda masu saye daga nesa ke zuwa da kansu.

Abin da wannan kasuwa take nema ba ya kai na Turai, amma ya wuce na Kurmi. Otal ko ma'aikatar da za ta sayi jakunkunan taro guda ɗari tana son faktir, faktir kuwa sai da rajistar kasuwanci da lambar biyan haraji ta NIF. Tana son jaka ta ɗari ta yi daidai da ta farko, ba wannan ta fi waccan da yatsa biyu ba. Mai abinci a leda ko kwalba sai ya rubuta abin da ke ciki da ranar da aka yi shi, kuma shagunan kirki sun fara tambayar shaidar ANMC, hukumar da ke kula da ingancin kaya. Aibinta kuwa a fili yake. Baƙin da ke sayen kayan hannu a Yamai sun ragu ƙwarai tun 2023, hanyar Burkina ba ta da kwanciyar hankali, iyakar Benin a rufe take daga ɓangarenmu, ma'aikatu kuma sun iya jan biya. Duk da haka ina ganin nan ce makarantar. Wanda bai iya cika odar jaka hamsin iri ɗaya zuwa Yamai a ranar da ya yi alkawari ba, kada ya soma da Faransa.

Yanzu Turai. Fatarmu ba baƙuwa ba ce a can. Tun zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano ya yada zango a Damagaram ya wuce Agadas har Tarabulus, fatar jar akuya ta ƙasar Hausa tana ƙetare Sahara, Turawa suna ɗaure littattafai da ita suna ce mata fatar Maroko. Wannan ma wani tsohon rasa suna ne.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ba haraji ne katangar ba. Tun 2001 Tarayyar Turai ta buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin Nijar ƙofa: kome ban da makamai yana shiga ba haraji, ba ƙayyade yawa. In kayan ba su kai na yuro 6,000 ba, wato kusan sefa miliyan 4, mai fitarwa da kansa zai rubuta shaidar asali a jikin faktir, sai sun wuce haka yake buƙatar rajista a tsarin da suke kira REX. Sefa kuma a ɗaure take da yuro, 655.957, don haka farashin da aka yi yau shi ne na bayan wata uku. A wannan fuskar Turai ta fi Kano sauƙi nesa ba kusa ba.

Katangar tana cikin fatar kanta. Tun watan Mayun 2015 dokarsu ta hana sayar da kayan fata mai taɓa jiki in sinadarin kurom mai guba, wanda suke kira kurom na shida, ya kai miligiram 3 a kilo. A nan majemanmu suna da sa'ar da ba su san suna da ita ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa ba kurom a cikinta, manyan masana'antu ne ke jima da shi. Abin da kamfanonin Turai ke kashe kuɗi su koma gare shi, su buga a jikin kaya cewa da tsiro aka jeme, mu shi muka gada. Amma da na ɗauki ɗaya daga jakunkunan kawu na juya cikinta, sai na ga shafin ciki wata lallausar fata ce mai launin toka. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce guntaye ne da ake kawowa daga kamfanonin Kano, sun fi araha, sun fi laushi. To wannan ta kurom ce. Ba lallai ta faɗi gwaji ba, amma da ita maganar "bagaruwa zalla" ta zama ƙarya, kuma in gwaji ya kama jaka ɗaya duka ɗari biyun ne suka zauna.

Rini ma haka. Jan karan dafi da baƙin kuloko ba su da matsala. Garin rinin nan na ƙulli da ake saye a Kasuwar Dole, mai haske, ba suna ba takarda, shi ne abin tsoro, domin wasu rinukan da ake kira azo suna sakin sinadaran da Turai ta haramta in sun wuce miligiram 30 a kilo, kuma ido ba ya bambanta mai kyau da marar kyau. Zip da ƙarfen madauri akwai ƙa'idar nikel da darma a kansu. Sannan akwai abin da ba ya cikin kowace doka amma ya fi doka kashe ciniki: wari da funfuna. Mu a nan iska busasshiya ce, fatar da aka shafa wa man gyaɗa don ta yi laushi lafiya lau take. Ta yi wata biyu a kwantena a bakin teku, ta isa ƙasar sanyi da laima, sai a buɗe kwali a tarar ta yi fari-fari tana hamami. Mai shago ba za ta yi faɗa da kai ba, ba za ta sake kira ba ne kawai.

Wasu abubuwa biyu kuma. Duk jakar da aka yi wa ado da fatar mesa, ko guza, ko kada, ta faɗa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, ba takardar izini duwan na can za su ƙwace ta. Shawarata a cire su gaba ɗaya daga kayan waje. Tun 13 ga Disamban 2024 kuma, duk kayan da za a sayar wa jama'a a Tarayyar Turai sai da wani mazaunin can da ya ɗauki alhakinsu, sunansa da adireshinsa a jiki. Wannan ya sa samarin da ke mafarkin sayarwa kai tsaye ta intanet daga Sabon Gari sai sun sake lissafi. Kawu shi yana da mai shago, ita ce za ta tsaya.

Sabuwar dokarsu ta hana kayan da aka sare daji don samar da su ta tayar wa mutane da hankali fiye da kima. An ɗage fara aiki da ita fiye da sau ɗaya, kuma a dabbobi shanu kaɗai ta ambata. Akuya da tunkiya ba sa ciki, ɗinkakkiyar jaka da takalmi ma ba sa ciki. Fatar sa kuwa dama masu ganda na Najeriya sun riga majemi saye.

Ya kamata a raba doka da lamba. Abin da na lissafa a sama doka ne, ba makawa. Lambobin nan na "cinikin adalci" da "noma ba taki ba magani" da na ƙungiyar LWG mai binciken majemu, na ganin dama ne. Kowace sai an biya mai bincike ya zo, a sake biya in lokacin sabuntawa ya yi, kuma kawo Bature mai bincike Damagaram a yanzu ba ƙaramin aiki ba ne. Na ga ƙungiyar da wani shirin tallafi ya biya mata kuɗin lamba shekara biyu, shirin ya ƙare, lambar ta mutu, ba su taɓa sayar da ko buhu ɗaya da ita ba, sai takardar da ke rataye a bango. Kada a nemi lamba sai mai saye ya rubuta cewa yana son ta, ya faɗi nawa zai ƙara saboda ita.

Hotunan majema da matar ta nema kuwa, abu biyu take son gani: ina ruwan jima yake zuba, kuma su wa ke aikin. Garin da mata ke kwana a layin famfo lokacin bazara, wanda ake jawo masa ruwa daga Gogo da Aroungouza, bai kamata sai Bafaranshiya ta tambaya za mu damu da ruwan toka da kabayit da ke gangarawa tafki ba. Rami biyu a jere, na farko ya tare laka, na biyu ya tace, ba ya cin kuɗin kirki. Maganar yara ta fi wuya. A wurinmu yaro a zauren baduku gado yake koyo, a wurinta in ta ga ɗan shekara goma riƙe da basilla ciniki ya mutu. Ba sai mun yarda da yadda take kallon abin ba, amma ita ke da shagon.

Duk wannan na masu fata ne, kuma su ne masu sa'a. Masu abinci lissafinsu daban. Gyaɗar da za a ci kai tsaye a Turai, gubar funfuna da ake kira afilatoksin ba za ta wuce maikurogiram 4 a kilo ba, wato kamar giram 4 cikin tan 1,000. Wanda ya taɓa zama wurin masu ƙuli ya san irin gyaɗar da ake saye don matsa: ta ƙasan buhu, fasasshiya, motsattsiya, don ta fi araha, kuma a cikinta gubar take taruwa, ta fi zama a tunkuza, wato a ƙulin. Suya ba ta kashe ta. A 2015 Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda maganin ƙwari irin su fiya-fiya da ake zuba masa a rumbu, kuma wakenmu da nasu hanya ɗaya suke bi. Kilishi, duk da hukumar OAPI mai kare sunayen kaya a Afirka ta yi wa sunan kilishin Nijar rajista kamar yadda ta yi wa albasar Galmi, ba ya shiga Turai ta ƙofa, domin Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka yarda su kai nama can, ko a jakar matafiyi an hana. Saboda haka mai man gyaɗa da mai kilishi su manta da Turai tukuna. Su shanya gyaɗa a kan tanti maimakon ƙasa, su tsince ruɓaɓɓiya kafin suya, su adana wake a buhun nan mai riɓi uku na PICS ba magani, su nemi shaidar ANMC, su kama shagunan Yamai da Agadas. Wannan gyaran ƴaƴanmu ne za su fara cin amfaninsa, su da ke tauna ƙuli a hanyar makaranta.

Amurka ba sai na ja magana ba: an cire Nijar daga AGOA, tsarinta na sassauta wa kayan Afirka haraji, tun 1 ga Janairun 2024. Kasuwar bai ɗaya ta Afirka, ZLECAF, wadda aka ƙaddamar a Yamai ranar 7 ga Yulin 2019, tana da kyau a takarda, amma har yau ban ga baduku ɗaya da ya ce ta rage masa ko dala a kan iyaka ba.

In aka ce in zaɓa wa mutum, sai in duba jarinsa. Wanda in kuɗinsa ya kwana wata ɗaya a waje tukunyarsa ba za ta hau wuta ba, ya riƙe Kano, amma ya yi ciniki a sefa ko ya canza a ranar, kada ya bar bashi a naira. Wanda ke da yara huɗu ko biyar da ɗan abin juyawa, ya yi rajista, ya yanka ma'auni na kwali don kayansa su fito iri ɗaya, ya nemi masu saye biyu a Yamai. Turai kuwa ta masu fatar bagaruwa ce da masu azurfa da saƙa, kuma ba mutum ɗaya ba, sai ƙungiya, domin kuɗin gwaji a ɗakin binciken da Turawa suka yarda da shi ɗaya ne ko jaka goma ce ko dubu, kuma samfurin sai an fitar da shi waje. In majemi ɗaya ke ba dukawa goma fata, gwaji ɗaya ya wadatar da su duka, muddin ba wanda ya saci jiki ya sa guntun Kano.

Abin da muka rubuta wa matar shi ne: ba ɗari biyu ba, talatin tukuna, ta jirgin sama. Ta ba da rabin kuɗi kafin a yanka fata. Gwajin farko ita za ta biya, tunda ita ta san inda ake yi, in ya fito lafiya a raba kuɗin na gaba. Launi biyu kawai, ja da baƙi. Shafin ciki na saƙi, ba fata ba. Ta amsa bayan kwana huɗu ta ce ta yarda, amma zip ɗin ita za ta aiko da nata.

Kawu bai fasa haɗa wa mutumin Kano kayansa na mako ba. Ranar da za a aika samfuri, na ce ya yanko mini kamar tafin hannu daga jar fata da baƙa, daga tsakiya, ba gefe ba. Ya daɗe yana juya fatar yana neman inda ba zai ji ciwo ba. Ya yanka yana tsaki, ya sa a ambulan, ya ce wa jikansa, "Ruga tasha ka ba direban Yamai, ka ce masa kada ya ɗora a kusa da jarkar mai."